Sikelin Don Heriberto

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a bai kwana biyu da fitowa ba makarantar garinmu ta rataya hoton jikata a bakin ƙofa, a jikin wani ƙaton ƙyallen roba da ya fi tamfol ɗin rumfata faɗi. Ni ban iya karatu ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Bernarda, wadda muka shekara ashirin muna ɓarar kaguwa a teburi ɗaya, ita ta karanta mini: Millaray Antileo, abin alfaharinmu, maki ɗari tara da biyar cikin dubu a lissafi.

Abin alfaharinsu. Shekara huɗu makarantar nan tana aiko mini da takardu a kan yarinyar nan. Ta makara, ba ta zo ba, ta yi barci a aji, rigarta tana ƙarni. Duk suna nan cikin gwangwanin biskit, ban yar da ko ɗaya ba, kuma na sa an karanta mini su kaf. Babu wadda aka rubuta alfahari a ciki. Ashe ajiye shi suka yi a sito, suna jiran ranar da za a ɗauki hoto.

Sunana Eduvina. Shekara arba'in da ɗaya ina sana'ar kaguwa a bakin ruwan Puerto Quillay. Uwar Millaray tana can kudu a kamfanin kifi, sai ƙarshen shekara muke ganinta, don haka ni na raini yarinyar. Tana ajin farko na sakandare mijina Segundo ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya kwanta shekara biyu kafin Allah ya ɗauke shi. Wa zai juya shi, wa zai sauka bakin ruwa ya tari jiragen? Teku ba ya tambayar ƙarfe nawa ake buga ƙararrawar makaranta. In jirage sun shigo da bakwai, da bakwai za a sauke kaya. Haka yarinyar nan ta riƙa isa aji ana tsakiyar darasi na biyu.

Makin makaranta daga ɗaya ne zuwa bakwai. Millaray ta gama da biyar da ɗigo biyu, wato ba ta faɗi ba, ba ta kuma burge kowa ba. In kuna son sanin yadda ake raba makin nan, ga misali. An ce kowa ya gina dutse mai aman wuta da kwali. 'Ya'yan masu shago suka sayo takarda mai launi daga birni, suka samu bakwai. Tawa ta yanka kwalin kaguwa, dutsenta har hayaƙi yake yi, aka ba ta huɗu aka ce ta fitar da shi waje yana damun hancin malama. Amma ranar jarrabawa, da aka zaunar da yaran ƙasar nan duka da fensir iri ɗaya da takarda iri ɗaya, ba wanda ya shinshina rigar kowa.

Kwana huɗu ake ba yara su jera jami'o'in da suke so a kwamfuta. Ni ina can ina rabon empanada, gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, ga maƙwabta don murna, ban san tun ranar farko an gama da ita ba. Sai a rana ta uku na lura. Millaray tana ɓarar kaguwa a gefena ta yanke yatsa, ita da tun tana shekara tara take wannan aiki ido rufe. Na ce ta ajiye wuƙar ta gaya mini wanda ya mutu.

Da ƙyar ta faɗa. Don Heriberto Saldías, malamin da makaranta ta ajiye don ba yara shawara, ya tara su a ɗakin kwamfuta ya tsaya a bayan kowa har ya aika jerinsa. Ita tun tana ƙarama injiniya take so, mai gina gada da matsayar jirage. Ya gaya mata cewa masu ɗaukar ɗaliban injiniya ba za su kalli mai biyar da ɗigo biyu ba. Ya ce jarrabawa sa'ar yini ɗaya ce, makin makaranta kuwa halin mutum ne na shekara huɗu. Ya sa ta ɗora karatun aikin ofis a sama, a wani reshen jami'a da ke garin da muke zuwa asibiti, inda ko bara kujeru ba su cika ba. Karatun injiniyan kuwa ya ce ta sa shi a can ƙasa, tunda mafarki ba a biyan kuɗinsa. Wai da babu gara ba daɗi.

Ban cire gyauton aiki ba na hau tudu zuwa makarantar. Na wuce ƙarƙashin hoton jikata na shiga.

Ofishin Don Heriberto yana da fanka da tukunyar fure da kujera mai juyawa. Mutum ne mai laushin hannu da laushin murya, irin wanda ko zaginka zai yi sai ka ji kamar yana maka addu'a. Ya miƙe ya ce, "Kaka, sannu da zuwa, ai mu ya kamata mu zo mu yi miki murna."

Na ce, "Ban haifi uwarka ba, malam. Doña Eduvina."

Na fara da abin da na zo da shi. Na ce a buɗe littafi a gyara makin yarinyar, tunda ƙasa gaba ɗaya ta shaida sun yi ƙarya. Ya yi murmushi ya ce maki ya riga ya tafi babban birni, ko shugabar makaranta ba ta isa ta taɓa ba. Wannan gaskiya ya faɗa, na bincika daga baya, ba zan yi masa ƙage ba. Na ce to me ya sa yarinyar da ta isa a rataya a ƙofa ba ta isa ta nemi injiniya ba. Ya haɗa yatsunsa ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ya ce ya shekara goma sha tara yana wannan aiki, ya ga yara da yawa sun ɗaga kai sun dawo da kuka. Sannan ya ce, cikin muryar da ake lallashin marar lafiya, wai kowace jami'a da yadda take awonta, wata ta ba makin makaranta nauyi kaza, wata ta ba jarrabawa nauyi kaza, abu ne mai sarƙaƙiya da ba zai so ya ɗora mini ciwon kai da shi ba.

Awo. Nauyi. Ni yake gaya wa awo yana da wuya. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban dillali yana kallon babban yatsansa kada ya danna sikeli ba.

Na ce a kawo mini littafin ƙorafi. Ya ce yana kulle a kabad ɗin shugaba, shugaba kuwa ta tafi hutu sai Maris. Zan fita na ga wasu takardu masu firam jere a bango, guda shida, iri ɗaya. Na tambaye shi abin da suka ce, don na lura yana yawan kallonsu. Nan fuskarsa ta washe. Ya ce yabo ne daga hukumar gari: shekara shida a jere, duk ɗalibin makarantar da ya nemi jami'a ya samu zaɓinsa na farko. Ya ce babu makarantar da ta taɓa yin haka a gaɓar nan. Na ce Allah ya ƙara, na fita. A lokacin ban gane abin da na gani ba.

Na koma rumfa na share teburi. Na ce wa Millaray ta ɗauko wayarta ta karanto mini dokokin abin nan tun daga farko, har ƙananan rubutun da ake yi don kada talaka ya karanta. Ta ce, "Kaka, shafi nawa ne fa." Na ce kaguwa ba ta gudu, ta riga ta dahu.

Ta karanto jami'ar babban birnin yankinmu, wadda take so tun can: cikin ɗari, hamsin na abin da ka yi a makaranta ne. Na ɗebi ɓawon kaguwa goma, na ware biyar gefe. Ta karanto wata, arba'in. Wata, talatin. Sai ta zo kan wata jami'a can arewa, garin masu haƙar ma'adinai inda ruwan sama ba ya sauka: ashirin kacal na makaranta, sittin na lissafi, sauran na jarrabawar fahimtar karatu. Na ware ɓawo biyu, na tura shida gefe ɗaya, na tsaya ina kallonsu.

Dillalai uku ke zuwa bakin ruwanmu da motar sanyi. Ɗaya girman kaguwa yake saye. Ɗaya nauyin buhu kawai ya sani. Na ukun ba ruwansa da jiki, naman ƙafar gaba yake so, don shi otel yake kai wa. Ranar da teku ya ba ka kaguwa mai ramammen jiki da manyan ƙafafu, in ka kai wa mai auna buhu, kai ka cuci kanka. Jikata kaguwa ce mai manyan ƙafafu. Na ce ta buga lissafin a kowane sikeli, tunda an ce ita ce gwanar lissafin gaɓar nan. Ta buga a bayan kwali. A sikelin birninmu ta tashi da ɗari bakwai da 'yan kai. A na arewa ta haura ɗari takwas. Yarinya ɗaya, maki ɗaya, bambancin kusan ɗari. Ta duba inda suka tsaya bara a ɗaukar injiniya, ta ga ta wuce wurin da tazara. Ta sake bugawa sau biyu don ba ta yarda da hannunta ba.

Ta ce to ai shi ke nan, akwai injiniya a jerinta, ta sa a ƙasa, za ta ƙara ta arewar a ƙarƙashi, in ya so ta zaɓa daga baya. Na ce ta ci gaba da karatu tukuna, ba mu kai ƙarshe ba. Can wajen shafi na tara muryarta ta canza. Ta karanta, ta sake karantawa a hankali. Na'urar da ke raba gurabe daga saman jeri take farawa. Wurin farko da makinka ya isa, nan za ta ajiye ka, ta soke duk abin da ke ƙasa. Ba a tambayarka, ba a ba ka zaɓi.

Wato da jerin Don Heriberto, aikin ofis zai cafke ta tun a layin farko, injiniya ko sunanta ba za su gani ba. Kamar in ɗauki kayana in fara kai wa dillalin da ya fi kowa karya farashi, alhali dokar kasuwa ta ce wanda ya fara cewa ya saya shi ke da kaya. Ko yaron goye a bakin ruwan nan ya san daga mai tsada ake farawa a gangaro.

Sai takardu shida na bangon suka faɗo mini a rai. Kowa ya samu zaɓinsa na farko. To ai dole. Ni ma in na riƙa sayar da kilo a kuɗin rabin kilo, kullum kafin tara na safe zan karkaɗe teburi, hukumar gari ta ba ni firam.

Bernarda tana gefe tana jin mu, hannunta ya tsaya a kan wuƙa. 'Yarta Solange shekara uku da suka wuce ta ci jarrabawar nan da kyau, aikin jinya take so. Aka sa ta ɗora karatun tarbar masu yawon buɗe ido a sama, don a tabbata. Ta yi shekara ɗaya ta bari. Tana teburi na uku daga namu, tana ɓarar kaguwa. Bernarda ta tashi ta tafi bakin famfo ta daɗe tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi.

Dokar ta ce ana iya canza jeri har ƙarfe ɗaya na ranar ƙarshe, na ƙarshen da aka aika shi ne a bakin komai. Na ɗauka yarinyar za ta yi tsalle. Sai ta ce tana tsoro. In ta canza ta rasa duka fa? Na ce aikin ofis ɗin Don Heriberto ta mayar da shi can ƙasa, ba inda za shi, ba wanda ke rububinsa, ko an manta da shi a rana ba zai lalace ba. Sannan ta faɗi ainihin abin. Arewar nan awa ashirin da biyu ce a mota. Ta ce wa zai ɗaukar mini buhu, wa zai karanta mini takardar magani.

Zan faɗi gaskiya, tunda ina neman wani ya faɗi tasa. Na yi tunanin in ce haka ne, ta bar shi. Reshen nan na aikin ofis awa ɗaya ne, kullum za ta kwana a gida. Kalma ɗaya zan faɗa ta zauna, kuma ba wanda zai zarge ni, har firam za a iya ba ni. Na kalli ɓawon kaguwar nan shida a gefe guda.

Na ce, "Ke, ni na ce miki ina neman mai raino? Na binne miji, na aurar da uwarki, buhu ne zai gagare ni? Ki rubuta."

Ta ce, "Kaka, ko lambar wayarki ba ki riƙe ba."

Na ce, "Ni nake kiran kaina? Rubuta."

Muka jera. Karatun injiniya na birninmu a sama, ko da sikelinsu ba ya ƙaunarmu, don ba a san inda rana za ta faɗi ba kuma tambaya ba ta cin komai. Ta arewa ta biyu. Wasu uku masu sauƙin sikeli suka biyo. Shawarar shekara goma sha tara ta Don Heriberto ta zauna a lamba shida.

Washegari ce ranar ƙarshe. Ɗakin kwamfutar makaranta a kulle, wai an gama da kowa, an ba mai gadi mabuɗi ya tafi ƙauye. A bakin ruwa waya ba ta kamawa sai in iska ta ga dama. Muka hau tudun maƙabarta da hantsi cikin zafin Janairu, don a garin nan matattu ne kawai ke da sabis mai kyau. Millaray ta zauna a gefen kabarin kakanta, shafin ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, duk yaran ƙasar da suka yi sakaci suna ta danna abu ɗaya. Ni ina tsige ciyawa daga kan Segundo ina gaya masa in yana da wata alfarma a can to yau ce ranarta, tunda da ransa bai taɓa gyara ko famfo ba. Saura minti arba'in a rufe, sabon jerin ya wuce. Na sa ta karanto mini jerin daga takardar shaidar da suka aiko, daga ɗaya zuwa shida, sau biyu.

Mako biyu muka jira. Birninmu suka sa ta a layin jira, ta talatin da ɗaya, layin da ba ya motsi. Arewa suka ɗauke ta. Injiniya. Ta karanta mini a rumfa, Bernarda ta rungume ta tana kuka, kukan da na san rabinsa ba na Millaray ba ne. Ni na ci gaba da ɓara, don kaguwa ba ta san an ci jarrabawa ba.

Kwana uku bayan haka Don Heriberto ya sauko bakin ruwa da takalmi mai sheƙi yana tsallake ruwan ƙarni. Ya taya mu murna. Ya ce dama ya san yarinyar za ta yi nisa. Sannan ya ce abin baƙin ciki kaɗan shi ne da an tuntuɓe shi kafin a canza, don yanzu ita kaɗai ce a ajinsu da ba ta samu zaɓin farko ba, shekara ta bakwai ta karye. Amma ba komai, makaranta za ta ƙara layi a ƙasan hoton da sunan jami'ar, don ƙannenta su ga abin da shawara mai kyau take haifarwa.

Na ce ya juya ya gaida Solange, ga ta can teburi na uku, ita ma zaɓin farko ta samu. Ya juya, ya ɗaga mata hannu, bai ma gane ta ba.

Da la'asar na hau tudu da wuƙata. Igiya huɗu ce ke riƙe da ƙyallen hoton. Mai gadi ya ce, Doña Eduvina, kayan makaranta ne fa. Na ce fuskar ta gidanmu ce, in suna son robarsu su zo su kankare ta su ɗauka.

Ba a gyara makin ba, ba kuma za a gyara ba, na haƙura da wannan. Abin da ban haƙura da shi ba Millaray ta rubuta mini shi kafin ta hau mota, shafi uku, da bakina, ban bari ta tausasa ko kalma ɗaya ba. Ina so a sauke firam shidan nan. Ina so a tara iyaye a karanta musu shafi na tara da babbar murya kafin a kai 'ya'yansu ɗakin kwamfuta. Ina so wani mai kujera ya sauko ya kalli Solange ya faɗi sunanta. Bernarda ta dangwala yatsa a ƙasan nawa, da wasu mata huɗu. Sau biyu na kai takardar tun da aka koma makaranta. Karon farko shugaba tana taro. Karo na biyu an samu kabad ɗin littafin ƙorafin, mabuɗin ne ya ɓata. Ranar Litinin nake komawa, kowace Litinin, don ranar jirage ba sa fita.

Ƙyallen yana kan rumfata, na ɗaure shi fuskar tana kallon ƙasa. Roba ce mai kyau, makaranta ba ta yi rowa a nan ba, ruwan farko na bana ko ɗigo bai shigo ba. Buhun kuwa ya yi nauyi, ba zan ce bai yi ba. In na ɗaga kai daga kaguwa sai in ga yarinyar tana kallona da wannan murmushin na dole da mai hoto ya sa ta yi, in ce mata me kike kallo, je ki yi karatu.